Rabin Maki Kan Waƙafin da Ba a Koyar Ba

Duk shekara sai an yi tambayar nan, ba fashi. A takardar Turanci ta WAEC, bayan yaro ya gama kokawa da labarin da aka ba shi ya karanta, sai a tsamo wasu 'yan kalmomi daga ciki, a ce ya faɗi sunansu a nahawu, ya kuma faɗi aikin da suke yi a jimlar. NECO ma hanyar da take bi ke nan. Yara sun san da zuwan tambayar, malamai sun sani, masu darasin yamma da ke karɓar kuɗin iyaye sun fi kowa sani. To me ake yi a kai? Hadda. Hadda zalla. A ce wa yaro in ka ga kalma mai wutsiyar "-ing" a gaba, rubuta yankin fatisiful. In ka ga "when", rubuta kaza. In ka ga "who", rubuta kaza. Ya haddace, ya shiga, ya zube musu kayansu, ya fito bai san me ya rubuta ba.

A sashen insha'i kuwa asiri ke tonuwa. Can aka ce ya rubuta kalma 450 da kansa, babu mai tsamo masa komai. Maki 50 ne, kuma 10 daga ciki an ware su ne don tsabtar rubutu kawai, wato nahawu da haɗa baƙaƙe da alamomin rubutu. Kowane kuskure rabin maki. Waƙafi ya ɓace, rabin maki. Waƙafi ya faɗo inda ba a gayyace shi ba, rabin maki. Kuskure 20, goman nan ta tafi ƙurmus, kuma yaron da ke sa waƙafi da ka yakan cika ashirin ɗinsa tun bai kai tsakiyar shafi ba. Daga nan sai kiredit ya kuɓuce. In kuwa babu kiredit a Turanci, ƙofar jami'a ta rufu, ko da a lissafi babu kamarsa a jiharsu. Ya koma gida, uba ya sake haɗa kuɗin jarrabawa da gumin goshinsa, a sake zama baɗi, a sake faɗawa rami guda.

Abin da ke ƙona mini rai, ɗan'uwa, shi ne wannan abu da ake yanka 'ya'yanmu a kansa bai kai ya kawo ba. Wallahi bai kai ba. An ɗauki ƙaramin abu an lulluɓe shi da manyan sunaye har ya zama dodo, malami na tsoronsa, ɗalibi na tsoronsa, kowa ya raɓa ta gefe ya wuce.

Bari in faɗa maka shi a nan, ka auna da kanka. Aikatau ne Bature yake ɗauka, ya liƙa masa "-ing", ko ya sa shi a sigar abin da ya riga ya auku, kamar "broken" ko "arrested". Daga nan ya daina zama cikakken aikatau, ya koma yi wa wani suna bayani. Shi da 'yan kalmomin da ke biye da shi su ne yankin fatisiful ɗin da ake ta kururutawa. Ba ya iya tsayawa da ƙafarsa. Goyo ne, dole a samu bayan da zai hau. In ya zo a farkon jimla sai a sa waƙafi, kuma sunan da ya fara leƙowa bayan waƙafin shi zai goya shi, yana so ko ba ya so. "Running to the mosque, Sani lost his cap." Wa ke gudu? Sani. Magana ta zauna daram. Amma yaronmu zai rubuta "Running to the mosque, my cap fell." Wa ke gudu yanzu? Hula! Hula ce ta nufi masallaci a guje kada jam'i ya wuce ta. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: wa ya yi? Wanda ya yi ɗin shi za ka ajiye a bayan waƙafi. Iyakar abin ke nan.

Kuma ka san dalilin da ya sa yaronmu ke faɗawa wannan tarko? Ba daƙiƙanci ba ne, kada wani ya gaya maka haka. Da Hausa yake tunani, Hausa mai kyau kuwa. "Ina gudu zuwa masallaci, sai hulata ta faɗi." Nuna mini aibun wannan magana. Babu. "Yana shiga, sai aka ɗauke wuta." "Da isarmu tasha, sai mota ta tashi." Duk lafiyayyun jimloli ne, saboda a wurinmu yankin farko yana tafe da mai shi: ina, yana, isarmu. Ka riga ka san wa ke gudu, wa ya shiga, su wa suka isa, don haka abin da ya biyo baya yana da 'yancin ya zama hula ko wuta ko mota. Shi Bature ya cire mai aikin daga yankin farko, shi ya sa dole ya biya bashin nan take bayan waƙafi. Malamin da zai rubuta jimlolin nan biyu a allo, ta Hausa a sama, ta Turanci a ƙasa, ya ɗora alli a kan "ina" ya ce yara ku duba, wannan ce ta ɓace, ya gama darasinsa tun kafin a buga ƙararrawa, kuma babu yaron da zai manta.

Amma ina! Ba a yarda ba. Hausa a cikin aji laifi ce, sunanta banakula. Akwai monita da takardarsa yana rubuta sunan duk wanda bakinsa ya suɓuce, akwai tara, akwai bulala, akwai tsallen kwaɗo. A wasu makarantun kuɗi malamin da aka ji yana fassara wa yara darasi sai ya sha kira ofis, don mai makaranta ya yi wa iyaye alkawarin cewa nan Turanci ake yi zalla. Sai malami ya tsaya yana bayanin Turanci da Turanci ga yaron da bai ji Turancin ba, ya rubuta ma'anar fatisiful layi uku, a cikinta akwai kalmomi huɗu da su ma suke buƙatar fassara, yara su kwafa, ya ce kun gane, su amsa baki ɗaya, ya ɗauki littafinsa ya fita. Wane ne ya gane? Wa aka yaudara? Kanmu muke cuta, muna kuma biyan kuɗi a kai.

Waƙafin farkon jimla ma shi ne mai sauƙi. Na tsakiya ne ke da haɗari, don shi yana juya ma'ana gaba ɗaya. Duba wannan sanarwa: "The teachers posted to the villages will receive the allowance." Babu waƙafi. Nufinta waɗanda aka tura ƙauye su kaɗai za a ba alawus, na birni su haƙura. Yanzu sa waƙafi biyu: "The teachers, posted to the villages, will receive the allowance." Magana ta sauya. Yanzu cewa ake yi malaman duk an tura su ƙauye, kuma duk za a ba su. Kalmomi ɗaya, tsari ɗaya, amma a jimla ta farko yankin ne ke tantance su wa ake nufi, shi ya sa ba a katange shi. A ta biyu ƙarin bayani ne kawai, kana iya ɗauke shi jimla ta tsaya, shi ya sa aka yi masa shinge gaba da baya. Shingen kuma biyu ne ko babu. Amma je ka duba littattafan yaranmu, kai har takardun ofisoshinmu, za ka tarar da irin su "The man standing at the gate, is my father." Waƙafi ɗaya tilo, ya shiga tsakanin mai aiki da aikinsa ya raba su, babu gaira babu dalili.

A ƙarshen jimla ma haka. "Binta answered the woman crying", matar ce ke kuka. "Binta answered the woman, crying", Binta ce ke kuka. Ɗigo ɗaya mai lanƙwasa ya ɗauke hawaye daga fuskar wata ya kai fuskar wata. Ka ɗauka shaida ce ake rubutawa a caji ofis, aka maye kuka da riƙe wuƙa. Wa zai kwana a bayan kanta?

Sai kuma wanda hadda ke kashewa murus. An ce wa yaro duk "-ing" a farkon jimla waƙafi ke binsa, sai ya rubuta "Walking to the market, is tiring." Alhali a nan tafiyar ce kanta ake magana a kai, ita ce ke gajiyarwa, aikin suna take yi, babu wanda take yi wa bayani, don haka waƙafi ba shi da wurin zama. Wutsiya ɗaya, aiki daban. Wanda aka koya wa kallon wutsiya har abada ba zai bambance ba. Wanda aka koya wa tambayar wa ya yi, nan take zai ga babu kowa bayan waƙafin, ya goge shi.

Kada ma in tuna da muguwar ƙa'idar nan da aka gada kaka da kakanni a azuzuwanmu: sa waƙafi duk inda ka ja numfashi. Numfashin wa? Na mai asma ko na ɗan dambe? Yaron da ke karanta Turanci yana tuntuɓe bayan kowace kalma biyu, ka ce masa ya bi numfashinsa, ai ka ba shi izinin ya yayyafa waƙafi a ko'ina ke nan. Sannan kai da ka faɗa masa haka ka ɗauki jan biro ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana zagayewa. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Abin takaicin, mu ba baƙin wannan ilimi ba ne ko kaɗan. Yaron da ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya san akwai inda ake tsayawa a karatun Alƙur'ani, akwai kuma inda tsayawa ke ɓata ma'ana, kuma ba ƙarewar numfashi ke yanke hukunci ba, ma'ana ce. Wanda ya zauna a zaure ya karanta Ajuruma ya san babin hali, ya san kalmar da ke bayyana yanayin da mutum yake ciki lokacin da ya yi aiki, ya kuma san dole hali ya kasance da mai shi. Ai ɗan'uwan abin da muke magana a kai ke nan. Ta yaya malaman zaure suka koyar da wannan shekaru aru-aru? A karanta Larabci, a fassara da Hausa, kalma bayan kalma, a yi tambaya, a maimaita. Da irin wannan hanya ƙasar nan ta fitar da irin su Malam Abdullahi na Gwandu, wanda ya wallafa Bahrul Muhiɗ a nahawun Larabci, harshen da ba a cikinsa aka haife shi ba. Su ba su ga laifin ɗora wani harshe a kan wanda yaro ya riga ya sani ba. Mu da muka zo da digiri da kwat muka ce a'a, sai an kulle bakin yaro tukuna zai koyi na wasu. Sakamakon ga shi nan muna gani. Ga Hausar an hana, ga Turancin bai samu ba, an yi biyu babu.

Kuma ba wai masana boko ba su faɗa ba. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yaran firamare da Yarabanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara wa yaro da harshen uwa ko na yankinsu a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi shekara shida. A ƙarshen 2025 aka tashi aka soke, aka ce a koma Turanci tun daga tushe, wai harshen uwa ne ke sa yara faɗuwa jarrabawa. Yaushe aka aiwatar da manufar har ta kayar da wani? Ina littattafan da aka buga? Ina malaman da aka horar? An bar jaki ana dukan taiki. Wannan ya zo ya ce gabas, wancan ya zo ya ce yamma, yaro na zaune a ƙasa a aji mai mutum fiye da ɗari yana jiran wanda zai gaya masa wa ke gudu, shi ko hularsa.

Yanzu mu zo kan masu yanke makin da masu yi wa yaran dariya. Ɗauki jarida ranar da wani babba ya rasu ko aka naɗa shi muƙami, karanta tarihinsa. Sau nawa ka ci karo da jimla mai wannan ƙira: "Born in 1950, his father took him to Kano"? Wa aka haifa a 1950 bisa wannan rubutu? Uban! Edita ya gani ya wuce, an buga, an sayar. Duba takardun da ke fitowa daga ofisoshi masu tambari da sa hannu: "Having considered your application, you are hereby invited." Wato kai mai neman aikin kai ka duba takardarka, kai ka gayyaci kanka. Duba sanarwar da masu magana da yawun manya ke saki, jimla ta fara da "Being that", ta yi tafiya layi biyar ba waƙafi, ta mutu a hanya ba ta isa ko'ina ba. Waɗannan babu mai cire musu rabin maki. Albashinsu cif yake shiga. Su ne kuma za su hau mumbari ranar rabon kyaututtuka su ce yaran yanzu ba sa karatu, ilimi ya taɓarɓare. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ita kanta hukumar da ke ƙirga wa yaro kuskure rabi-rabi fa? A watan Mayun 2025 ɗalibai a wurare da dama sun rubuta takardar Turanci ta WAEC cikin dare, da fitilar hannu da hasken waya, saboda takardun ba su iso a kan lokaci ba. Duniya ta ga hotunan. Da sakamako ya fito a watan Agusta aka ce kashi 38 cikin ɗari ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta dawo ta ce an yi kuskure wajen gyaran takardu, adadin ya kusa kashi 63 ne. Ta ba da haƙuri, aka wuce wurin. Haƙuri! Yaron da ya manta waƙafi ɗaya a cikin duhu yana riƙe da tocila, wa ya karɓi haƙurinsa? Iyayen da suka kwana suna kuka a 'yan kwanakin nan, wa ya biya su?

Sai jama'ar Facebook. Mutum zai fito ya rubuta abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya, an sace masa ɗan'uwa ko an hana shi haƙƙinsa, ya rubuta da ɗan Turancin da Allah ya hore masa. Kafin ka ce kwabo an bar maganar sace mutum, an koma kan jimlarsa, ana ɗaukar hotonta ana yaɗawa ana ƙyaƙyatawa. Masu dariyar nan, ka ba su jimlolin alawus ɗin can biyu ka ce su faɗi bambancinsu, ka ga yadda ido zai raina fata. Su Turawan da ake yi dominsu ma suna wannan kuskure kullum a jaridunsu, har a Hamlet na Shakespeare masana sun nuna irinsa. Akwai ma waɗanda suka yi ta maimaitawa har suka zama karɓaɓɓu, kamar "generally speaking", wanda ba mai tambayar wa ke maganar. Wato ƙa'idar an yi ta ne don kada mai karatu ya ruɗe, ba ma'aunin hankali ba ce, ba kuma sandar dukan talaka ba.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ce to ai shi ke nan, a watsar da waƙafin, Turanci ba ilimi ba ne. A'a, ban yarda ba, kuma masu faɗin haka galibi nasu 'ya'yan suna makarantun da ake koyar da shi da kyau. Tsarin mulkin 1999 da Turanci aka rubuta shi. Takardar fili, yarjejeniyar bashin banki, hukuncin babbar kotu, takardar ɗaukar aiki da ta sallama, duk da shi ne. Wanda bai san aikin waƙafi ba zai sa hannu a kan abin da zai ci shi. A jihar Maine ta Amurka direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst sun kai ƙara kan kuɗin aikin bayan lokaci. Dokar jihar ta jero ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, amma babu waƙafi kafin na ƙarshe, sai ya zama ba a san ko rarraba kaya aiki ne mai zaman kansa a jerin ba, ko kuwa yana manne da shirya kaya. Direbobin suka ƙara da hujjar cewa sauran ayyukan duk da "-ing" suka ƙare, wannan kuwa ba haka ba. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar na da harshen damo, ta ba direbobi gaskiya, a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Majalisar jihar ma sai da ta koma ta gyara rubutun dokar. Ka ga direban da ya samu wanda ya iya karanta masa waƙafi.

Wanda ya fi wannan girma yana cikin tsarin mulkin Amurka. Gyara na biyu, na 1791, wanda ya yi maganar riƙe makami, ya fara ne da wani yanki da aka gina a kan "being", yana ambaton buƙatar rundunar sa-kai, sannan maganar 'yancin ta biyo baya. Shin yankin farkon ya taƙaita 'yancin ga 'yan rundunar ne, ko dalili kawai ya faɗa? Kwafe-kwafen farko ma ba su daidaita a kan yawan waƙafin ba. Har Kotun Ƙoli aka je a 2008 a shari'ar Heller, masana harshe suka shigar da nasu bayanin, alƙalai tara suka rabu biyar da huɗu, masu rinjaye suka ce 'yancin na kowane mutum ne. Ƙasa guda, bindigogi birjik, rayuka na salwanta, kuma a tsakiyar gardamar akwai irin yankin nan da muke sa yaranmu su haddace sunansa don maki biyu. Su can suna tambayar me yake nufi. Mu nan muna tambayar yaya sunansa.

Na san za a ce malamai ne. Za a tuno da Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin jihar ta ce malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun faɗi jarrabawar 'yan aji huɗu. To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ya koyar da malamin? Shi ma da haddar aka yaye shi, shi ma an hana shi tambaya da harshensa, aka ba shi takardar shaida, aka ɗauke shi aiki ta hannun wani, aka tura shi aji ba littafi. Wanda ya iya ɗin ma yaya zai yi? Waƙafi ba a koyonsa da ji. Sai yaro ya rubuta, an duba, an zagaye, an kira shi an ce wa ya yi wannan aikin, ya gyara, ya sake rubutawa. Malami ɗaya mai azuzuwa huɗu, kowanne cike maƙil, albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, da yamma yana kan babur yana neman na cefane, yaushe zai duba insha'i ɗari huɗu? Sai ya koma ga abin da zai iya, wato tambayoyin zaɓi ɗaya cikin huɗu, a musanya littattafai, yara su gyara wa juna. Yaro ya gama sakandare bai taɓa rubuta shafi guda an dawo masa da shi da gyara ba. Manyanmu da suka yi karatu da 'yan ƙananan littattafan Brighter Grammar ba wani sihiri aka yi musu ba. Misalai ne, da aikin yi, da malamin da ke da lokacin dubawa, da ɗakin karatu da ke da littafi a ciki. Yau ɗakin karatun a makarantu da yawa suna ne kawai a jikin ƙofa, in ka leƙa karyayyun kujeru ne a jibge. Yaron da bai taɓa karanta littafi guda daga farko zuwa ƙarshe ba, a ina idonsa zai saba da inda waƙafi ke zama? Ranar jarrabawa ta matso sai a tara su darasin dare, a ce za a yi musu bita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai tura ta kai bango. Ba na neman a kafa kwamiti, ba na neman taron bita a otal da jaka da alawus. A bar malami ya buɗe baki ya yi wa yaro bayani da Hausa in Turanci ya cije, a daina hukunta shi da yaron a kan haka. A rage masa yawan kawuna yadda zai iya duba rubutu. Masu tsara jarrabawa su tambayi yaro abin da jimla ke nufi da waƙafi da kuma in babu shi, su ga ko hadda za ta cece shi. Kai kuma mai biyan kuɗin makaranta kowane zango, da kuɗin darasin yamma, da kuɗin littattafan da ba a buɗewa, daren nan ka ce ɗanka ya kawo littafinsa na insha'i. Ka buɗe, ko ba ka jin Turanci za ka gane jan biro in ka gan shi. In ka tarar shafukan fari fat, ko alamar gani kawai aka yi aka sa kwanan wata, gobe da safe ka ɗauki littafin ka tafi makarantar, ka ajiye shi a teburin hedimasta ka ce: Malam, wa ya duba wannan, kuma kuɗin me nake biya?